Hannu a Jiki, Ido a Bango

Duk macen da ta taɓa kwanciya a gadon Mai Tausa za ta shaide ta da abu biyu: ba ta taɓa mutum da hannu mai sanyi, kuma ba ta kallon inda take taɓawa. Za ta tsiyaya mai a tafin hannu, ta murza har ya ɗauki ɗumi, ta yaye tawul daidai wurin da za ta yi wa aiki, sannan ta ɗaga kai ta kafa wa bango ido. A ɗan ɗakinta na gidan tausar da take aiki akwai wata 'yar tsaga a fenti, sama da ƙugiyar rataye kaya, wadda ta fi sanin kamanninta fiye da fuskar mijinta, shi da yake direban babbar mota ne, ganinsa sai an dace. Haka aka koya mata tun tana sabon shiga: macen da ta tuɓe a gabanki ba ta zo don ki ƙare wa tumbinta da nankarwarta kallo ba, yatsu su duba, ido ya ji kunya. Akwai doka ta uku da ba kowa ke lura da ita ba. In ta ɗora hannu ba ta ɗage duka biyun sai an gama. Ko kwalbar mai za ta ɗauko, ɗaya yana nan a jikin mutum, don wadda ta kifa fuska a hujin gado ta san ba a tafi an bar ta ba.

Da wannan ladabi ta yi suna, da shi ta raini 'ya'yanta har manyan suka yi aure suka watse, aka bar ta daga ita sai Auta.

Auta budurwa ce mai koyon gyaran gashi a wani shago da ke bakin titi. Wata safiya tana ɗora ruwan shayi murhun gas ya yi bal, wuta ta kama hannun rigarta. Kafin maƙwabciya ta shigo ta lulluɓe ta da bargo, wutar ta ci daga kafaɗar dama zuwa ƙasan gwiwar hannu, ta ciki, inda fata ta fi laushi. Asibiti ya yi nasa, ciwo ya rufe. Ranar sallama likita ya zaunar da su ya ce yanzu ma aikin ya fara. Tabon ƙuna, in ji shi, janyewa yake yi kamar fatar da aka shanya a rana. In ba a murza shi kullum ana miƙar da hannun ba, zai ɗaure gwiwar a lanƙwashe, in kuwa ya ɗaure sai tiyata, ita ma ba a rantse mata. Ya tambaya ko akwai mai yi mata a gida. Da ya ji sana'ar uwar sai ya yi dariya, ya ce ai yarinyar nan ta yi sa'ar uwa.

Washegari da hantsi Mai Tausa ta yanke farce, ta cire zobe, ta shimfiɗa tawul a gadon Auta, ta ɗumama mai. Auta ta zauna, ta zare safar roba da aka ba ta a asibiti don matse tabon, ta miƙo hannu iya inda zai iya zuwa. Uwar ta ɗora tafi, ta ɗaga kai, ta sami wata ƙusa a bango ta tsare ta da ido, ta fara zagaya babban yatsa a hankali. Ta tambaya da muryar aiki, wadda ke fita da kanta, ko ƙarfin ya yi ko ta rage. Auta ta janye hannunta, ta mayar da safar, ta ce ya isa haka. Daga ranar ta ƙi ƙememe.

Babu irin dabarar da uwar ba ta gwada ba. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi fushin ƙarya ta daina magana, ita ce ma ta fara gajiya. Ta zaci ƙamshin man ne, ta canza wani. Ta zaci zafi ne, ta yi alƙawarin ba za ta danna ba, shafa kawai. Ta kira yayyen Auta a waya, kowacce ta yi nata wa'azin, Auta tana cewa to, to, kamar mai sauraron tallar abin da ba za ta saya ba. Ta kira uban, ya ce a bi ta a hankali, wanda shi ne abin da yake cewa a kan komai, daga tayar da ta sace har gobara. Auta ba ta rashin kunya, ba ta ɗaga murya. In ta ga kwalbar mai sai kawai ta juya ta ba uwar kafaɗar hagu.

Hannun kuwa ba ya jiran kowa ya huce. Mai Tausa ba ta buƙatar a zare mata safa kafin ta san abin da ke faruwa a ƙarƙashinta, aikinta ne karanta jiki daga yadda mutum ke ɗaukar kofi. Da farko Auta tana kai dama saman kabad ta sauko da gwangwanin sukari. Sai ta koma ɗage ƙafa. Sai ta koma yi da hagu. Wata rana uwar ta hango ta tana kokawa da riga, ta karkace jiki gaba ɗaya don ta zira hannun da ya ƙi miƙewa. Uwar ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji ta, ta yi kuka har ta gode Allah. Tsoro take ji, tsagwaronsa, kada 'yarta ta ƙare rayuwa da hannu naɗe a ƙirji, ita kuma tana nan da hannaye biyu lafiyayyu waɗanda gari ya sani.

Wurin aiki ya koma mata azaba. Mata suna shigowa da wuyan da ya sage saboda kallon waya, da bayan da ya gaji da kujerar ofis, su kwanta su saki jiki, wasu har da minshari. Tana murza musu lafiyayyar fata mai santsi, idonta a tsagar fenti, ranta yana cewa, ke da ba abin da ya same ki. Ba halinta ba ne, ta sani, amma haushi ya cika ta, ba ta da inda za ta sauke shi.

A ɗakin da ke jikin nata akwai abokiyar aikinta da kowa ke kira Rediyo, sunan da ba ya buƙatar bayani. Mace ce ƙatuwa mai hannu kamar taɓarya, ba ta san wata doka ba. Tana kallon duk abin da ta buɗe, kuma tana faɗin abin da ta gani. Ta taɓa gaya wa matar wani babban mutum cewa ƙafafunta sun fi na manomi kaushi, saura ƙiris Madam, mai gidan tausar, ta kore ta. Mai Tausa tana sonta, amma a ranta ba ta taɓa sa ta cikin masu sana'a ba.

Ranar hutu Rediyo ta zo dubiya da ledar lemo. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaga labulen ɗakin Auta ta faɗa, ta ce a buɗe mata ta ga abin da ya hana mutane sukuni. Uwar ta taso za ta tare ta, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa, don ta ji ƙarar safar roba ana zare ta.

"Kai, 'yar nan, wutar nan ba ta zo da wasa ba," in ji Rediyo. "Nan ya yi kamar bayan ƙadangare. Nan kuma sheƙi sai ka ce an goga masa man takalmi. Juyo in ga cikin."

Sai Auta ta yi dariya. Ƙarama ce, ta hanci, amma ita ce ta farko tun ranar gobarar. Kafin uwar ta gama mamakin wannan, Rediyo ta nemi mai, ta kwarara shi da sanyinsa, ta kama hannun tana murza tana ba da labarin rigimar da ta yi da maƙwabciyarta a kan igiyar shanya. Auta kuwa ta bar ta. Mai Tausa ta tsaya bayan labule, daɗi da baƙin ciki suka cakuɗe mata har ta rasa wanne za ta fara haɗiyewa. Kishi ta ji, ba wani suna da za a sa masa. Amma ta danne, ta ce in dai hannun zai miƙe, ko jaki ne ya zo ya murza ta yarda.

Ta roƙi Rediyo ta riƙa biyo ta gida in an tashi aiki. A hanya kullum tana yi mata karatu: fatar tabo ba fatar baya ba ce, sabuwa ce, ba ta da ƙwari, a zagaya, kada a ja, in za a miƙar, a tsaya inda ya tsaya a jira shi. Rediyo tana cewa ta ji, Yaya, sai ka ce yau ta fara. Abu ya yi ta tafiya lafiya, har uwar ta fara cin abinci tana ƙoshi. Ran nan da yamma tana yanka albasa, ta ji Auta ta ja numfashi da ƙarfi, Rediyo kuma ta yi shiru, abin da bai taɓa faruwa ba. Ashe Rediyo ta ga hannun ya ɗan saki ne ta yi zumuɗi ta ja, fatar lanƙwasar gwiwa ta tsage.

Likita bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce a dakata da komai sai ciwon ya sake rufewa. Ya auna lanƙwasar ya girgiza kai, ya ce ta ƙaru a kan yadda ya sallame su, ya dubi uwar ta saman tabarau ya ce bai zaci haka daga gidan mai sana'a ba. Ba ta kare kanta ba. Me za ta ce, 'yarta ta fi yarda da hannun taɓarya a kan nata? Ya ce in suka dawo babu canji, sai su fara shirin tiyata. Ciwon ya ɗauki lokacinsa kafin ya rufe, hannun yana ƙara shigewa ciki. Rediyo kuwa ta rantse ba za ta sake taɓa shi ba ko za a yanka ta, tana zuwa dai ta zauna ta yi surutu ta tafi.

Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ke zuwa wurin Mai Tausa duk mako, ta hawo motar haya daga can ƙarshen gari da 'yar jakarta a hammata. Kullum da sabon ciwo take zuwa, yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi wata jijiya da ita kaɗai ta san inda take. Yatsun Mai Tausa sun daɗe da gaya mata babu komai a jikin nan sai tsufa, amma ba ta taɓa cewa uffan ba. Rannan tana cikin murza mata baya hankalinta ya tafi gida, ba ta san sanda ta ɗage hannayenta duka biyu ta tsaya riƙe da su a sama ba.

Tsohuwar ta ɗago fuska daga hujin gado a firgice ta ce, "Ina kika tafi, 'yar nan?"

Ta ba ta haƙuri, ta mayar da hannu. Tsohuwar ta koma ta kifa, can sai ta yi magana, muryar tana fitowa ta ƙarƙashin gado. Ta ce bari yau ta faɗi gaskiya, ita ba inda ke mata ciwo. Tun da mai gidanta ya rasu, 'ya'ya suka yi nisa, ba wanda ke taɓa ta. Ana gaishe ta, ana kiran ta a waya, ana ɗaukar mata kaya, amma jiki ya taɓa jiki, sai in an bangaje ta a motar haya. Ta ce ranar zuwa nan ce kaɗai take tabbatar da cewa har yanzu tana da baya.

Mai Tausa ta gama aikin da kyar, ta rufe tsohuwar da tawul. Ga wadda ke ratsa gari don hannun nan, ga kuma wadda ta fito daga cikinta tana gudunsa kamar wuta ta biyu. Ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta. Madam ta biyo ta har ƙofa tana cewa akwai masu jira, ko waigowa ba ta yi ba.

Rana tsaka ta iso gida. Ta tarar da Auta zaune a ƙasa a ɗakinta, ta matse kan roba na koyon kitso tsakanin gwiwoyinta, irin mai gashin doki da ake ba 'yan koyo. Tana so ta tsaga gashin da hagu ta kama da dama, amma daman ba ya kaiwa sai ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa na robar. Matsefin ya suɓuce ya faɗi. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Uwar ta tsaya tana kallo har abin ya fi ƙarfinta, ta yar da jaka, ta durƙusa a gaban 'yar cikinta.

"Auta, na roƙe ki. Ki gaya min abin da na yi miki. In zagi ne ki zage ni, na yafe tun yanzu. Hannun nan tafiya yake, ina ji ina gani. Me ya sa kika ba Antinki Rediyo, ni kika hana ni?"

Auta ta daɗe tana wasa da gashin robar. Da ta buɗe baki ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi shiga.

"Anti ta yaga min fata, Umma, amma ta kalle ni. Ke kin ɗora hannu kin juya fuska bango kamar mai kwashe amai. Kika tambaye ni ko ƙarfin ya yi, kamar matan da ke zuwa wurinki. Tun ranar da abin ya faru ba ki taɓa kallonsa ba. In ke da kika haife ni ba za ki iya ba, wa zai iya?"

Uwar ta buɗe baki za ta yi bayani. Bayanin yana nan a shirye, kuma gaskiya ne: haka ake aikin, mutunci ne, kowa haka take yi masa. Amma bai fito ba. Ta tuna a asibiti, duk sanda nas ta shigo da kayan wankin ciwo, ita sai ta ga babu ruwan zafi a filas ta fita nema. Ta tuna yadda take wanke safar robar tana kallon gefe. Dokar aiki dai doka ce, amma a gidan nan maɓoya ta zame mata, ta shige bayanta ta zauna don ba ta iya ganin abin da wuta ta yi wa ɗiyarta. Ba ƙyama ba ce, tsoro ne, sai dai daga inda Auta take zaune duka biyun kamarsu ɗaya.

Ta ce, "Buɗe in gani."

Auta ta dube ta kamar ba za ta yi ba. Sannan ta kama bakin safar da hagu ta naɗe ta ƙasa a hankali.

Mai Tausa ta kalla. Wuyanta yana son ɗagawa da kansa, ta hana shi. Fatar ta yi tudu da kwari, wani wuri ja, wani wuri fari fat, wani baƙi ƙirin, duk tana sheƙi. Daga hammata zuwa cikin gwiwa wata igiyar nama ta miƙe ta ɗame, ita ce ke riƙe da hannun. A lanƙwasar ga sabon tabon da Rediyo ta bari. Ta bi shi da ido har ta iso gefe, inda wutar ta tsaya, sai ta ga 'yar tawadar Allah, baƙa, ƙarama, wadda take shafa wa hoda sanda hannun nan yake cike da kitsen jarirta. Tabon ya ja ta ya kau da ita daga inda take, amma tana nan. Nan kukan ya ƙwace mata, a gaban yarinyar, ba famfo ba komai.

Ba ta san sanda ta kai hannu ba. Babu mai, ba ta murza tafi ba, ga tsoro ya sa yatsun sun yi ƙanƙara. Auta ta ɗan zabura ta ce hannunta da sanyi. Kunyar sana'a ta kama uwar, ta yi sauri za ta janye ta ɗumama, sai Auta ta sa hagu ta danne hannun a inda yake.

"Bar shi," ta ce.

Ta bar shi. Da suka ɗan natsu ta miƙa ɗaya hannun ta jawo kwalbar mai daga ƙarƙashin gado, inda ta daɗe tana tara ƙura, ta buɗe murfin da haƙori. Ta fara zagayawa, idonta a kan yatsanta. Sai ta ga abin da duk shekarun nan bango bai taɓa nuna mata ba. In ta danna, tabon yakan yi fari a ƙarƙashin yatsa, in ta saki jini ya dawo, kuma tun kafin zafi ya yi yawa gefen bakin Auta ke fara motsi. Ba ta buƙatar tambayar ko ƙarfin ya yi.

Da fatar ta yi laushi ta tallafo gwiwar, ta kama wuyan hannun ta soma buɗewa. Ya biyo ta kaɗan, ya ƙara kaɗan, sai ya tsaya. Ta jira shi, ta ba shi lokaci, bai ƙara ba. Ta san irin wannan tsayawar. Akwai ta naman da ke jin tsoro, wanda lallashi ke saukarwa, akwai kuma ta wanda ya riga ya ƙulle. Wannan rabi da rabi ne, kuma rabin da ya ƙulle, ya ƙulle ne a kwanakin da ta ɓata tana canza mai tana kiran waya.

"Umma, zai miƙe?"

Kanta ya ɗagu da kansa, idonta ya je ya sami ƙusar nan ta bango.

"Umma."

Ta sauko da ido, ta sa shi cikin na 'yarta.

"Ba duka ba," ta ce. "Matsefi dai za ki riƙe, in Allah ya yarda. Sauran ban sani ba."

Auta ta gyaɗa kai. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, don hagun nata yana kan hannun uwar, kuma ba ta da niyyar ɗagewa. Mai Tausa ta ƙara mai, ta koma farkon igiyar naman nan, ta sake somawa.